Yadda ake tara tsofaffin bajojin ƙungiyoyin agaji na Rasha da yadda ake gane na asali

Kafin juyin juya halin 1917, a Rasha duk ƙungiyar agajin da ta amsa sunanta tana da bajonta. Wani na zinari ne, wani na azurfa da aka zuba wa narkakken gilashi mai launi, wani kuma gwangwani ne ko takarda da ake maƙala wa mutum a riga idan ya jefa kuɗi a gwangwanin tara taimako. Na daɗe ina bin waɗannan bajoji, na riƙe na asali na riƙe jabu, kuma abin da nake koya wa duk wanda ya zo farawa shi ne ya juya bajon. Fuskarsa ce ke jan ido, amma a bayansa shaidu suke. Sai rubutu da shekara da hatimi da ƙarfe sun faɗi magana ɗaya kafin ka zaro kuɗinka.

Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma ba su da tsada:

Gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Wannan ne babba. Idan babu, kyamarar waya za ta ɗan yi, amma ka kafa wayar a kan wani abu don kada hannu ya girgiza, ka haska bajon daga gefe.

Ƙaramin sikelin maƙera zinari mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Idan ba ka da shi, kowane mai sayar da zinari a kasuwa zai auna maka.

Rula mai milimita, ƙaramin maganaɗisu, da tocila mai hasken gane jabun kuɗi, mai shuɗin nan.

Tsumma mai laushi da za ka shimfiɗa a tebur, buroshin haƙori na jarirai, da littafin rubutu guda da ba za ka haɗa shi da komai ba.

Sai takarda ɗaya da ka rubuta haruffan Rashanci a kai, har da tsofaffin da aka soke. Ba sai ka iya yaren ba. Cikin mako guda za ka iya haɗa baƙi, kuma hakan ya isa aikin nan.

Mataki na 1: Ka zaɓi inda za ka tsaya

Fagen yana da faɗi, kuma mai son ya tara komai ƙarshenta tarkace yake tarawa. Ka ɗauki ƙungiya ɗaya ko zamani ɗaya. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su.

Ƙungiyar Red Cross ta Rasha an kafa ta a 1867 da sunan ƙungiyar kula da sojojin da suka ji rauni da marasa lafiya, sai a 1879 ta koma sunan da aka san ta da shi. Bajojinta sun fi na kowa yawa, musamman na yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 da na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai babbar ƙungiyar jinƙai ta masarauta wadda ta samo asali a 1802 zamanin Sarki Alexander na ɗaya. Akwai ƙungiyar ceton mutane a ruwa ta 1872, wadda za ka gane nata da anga. Akwai ƙungiyar kula da makafi ta 1881, da ƙungiyar Falasɗinu ta Cocin Orthodox ta 1882 mai taimakon masu zuwa ziyara Ƙudus. Sai Kwamitin Tatiana na 1914, mai sunan 'yar Sarki Nicholas na biyu, wanda ya ɗauki nauyin 'yan gudun hijirar yaƙi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya soma da ƙananan bajojin tagulla da na gwangwani na lokacin yaƙi, da na ranar farar fulawa, wato ranar tara kuɗin yaƙi da tarin fuka da aka fara a Rasha a 1911. Suna da araha, masu jabu ba su cika wahalar da kansu a kansu ba, kuma a kansu idonka zai saba da tsohon ƙarfe.

Mataki na 2: Ka bambance iri

Rashawa da kansu suna raba su. Akwai wanda suke ce wa "znak": shi ne bajon ƙirji da hukuma ta amince da zanensa, sau da yawa da sa hannun sarki. A bayansa yawanci akwai kusa mai zare da noti, ana huda riga a ɗaure shi, wasu kuma allura gare su. Akwai "zheton": ƙarami ne mai zobe a sama, ana rataya shi a sarƙar agogon aljihu ko a maɓalli, kuma a kansa aka fi zana sunan mai shi da shekara. Na uku su ne na ranakun tara taimako, waɗanda aka buga su da yawa don a raba a titi.

Amfanin sanin wannan shi ne, znak yana da siffa da girma da aka tsayar, don haka za ka iya gwada naka da na littafi. Zheton kuwa maƙera daban-daban sun yi shi, bambanci kaɗan a cikinsa ba laifi ba ne.

Kada ka rikita su da bajojin zamanin Tarayyar Sobiyat. Mutanenmu da suka yi karatu can sun dawo da su da yawa: marasa nauyi ne, na alminiyum, an shafa musu fenti, da 'yar allura a baya. Suna da nasu tarihin, amma ba su muke nema a nan ba.

Mataki na 3: Ka karanta rubutun

A 1918 gwamnatin Bolshebik, wadda ta karɓi mulki bayan juyin juya hali, ta tilasta sabon tsarin rubutu, ta soke wasu haruffa. Wannan ya zame mana babbar shaida. A tsohon rubutu za ka ga ѣ da і da ѳ, kuma duk kalmar da ta ƙare da baƙi mai ƙarfi ana rufe ta da ъ. Ga misalai da za ka riƙa gani:

общество, ƙungiya
комитетъ, kwamiti
попечительство, hukumar kulawa
членъ, mamba
въ память, don tunawa da
въ пользу, don amfanin

Ka lura da ъ a ƙarshen комитетъ da членъ da въ. Idan bajo ya ce shi na 1905 ne amma an rubuta комитет ba wannan harafin, ka tsaya ka ƙara bincike. Haka sunan Red Cross: a da Краснаго Креста ake rubutawa, yanzu kuma Красного. Mai jabu na yau yakan tuna ya sa ъ, amma yakan manta da wannan "аго", ko ya cusa ѣ inda ba wurinta ba. Sai dai ka yi hattara: inda wuri ya yi ƙunci, tsofaffin maƙera sukan taƙaita kalma su sa ɗigo, wannan ba aibi ba ne.

Sunan birni ma shaida ne. An mayar da San Fitasbag zuwa Petrograd a 1914, sannan Leningrad a 1924. Duk bajon da ke ɗauke da Петроградъ, wato Petrograd, bai girmi 1914 ba, ko me mai sayarwa ya ce. Kwanan watan da aka zana kuwa na tsohuwar kalandar da Rasha ta bi har Fabrairun 1918 ne: tana bayan tamu da kwana 12 a ƙarni na 19, da kwana 13 a ƙarni na 20. Ka tuna da wannan idan kana neman abin da ya faru a ranar.

Mataki na 4: Ka karanta hatimi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan zan daɗe.

Rashawa ba da kashi cikin dubu suke auna tsabtar ƙarfe ba a lokacin. Ma'auninsu zolotnik ne, kuma 96 shi ne tsantsa. Saboda haka lambar 84 na nufin azurfa 875 cikin 1000, ita ce ka fi gani. 88 na nufin 916. A zinari, 56 na nufin 583, wato karat 14, 72 kuma 750, wato karat 18. Idan ka ga 875 a rubuce da kan ma'aikaci riƙe da guduma, ko tauraro mai guduma da lauje, wannan hatimin Sobiyat ne, na 1927 zuwa sama.

Kusa da lambar akwai tambarin ofishin gwaji, wato ofishin hukuma mai gwada tsabtar zinari da azurfa, kuma ya sauya sau biyu a zamanin da ya shafe mu.

Kafin 1899 tambarin birni ake bugawa. Na San Fitasbag anga biyu ne a gicciye da sandar mulki a tsakiya. Na Mosko mahayin doki ne yana sukar dodon maciji da mashi. Sau da yawa akwai haruffan sunan jami'in gwaji da shekara a ƙasansu.

Daga 1899 zuwa 1908 aka koma kan mace sanye da hular gargajiyar matan Rasha da ake kira kokoshnik. A wannan zamanin fuskarta na kallon hagu, kuma a bayan kanta akwai haruffa biyu na sunan jami'in gwaji. ЯЛ na Yakov Lyapunov ne a San Fitasbag, ИЛ na Ivan Lebedkin ne a Mosko.

Daga 1908 fuskar ta juya dama, aka cire sunan jami'i aka sa harafin Girkanci mai nuna yanki: α na San Fitasbag, Δ na Mosko, κ na Odesa, ν na Kiyef.

Ka haddace wannan kamar sunanka, domin da shi za ka kama mafi yawan ƙarya. Ni da kuɗina na koya. Wani dillali ya taɓa miƙa mini zheton na azurfa a cikin 'yar leda, jan gilashinsa na sheƙi, an rubuta Петроградъ 1915 a baya da rubutu mai kyau. Na duba 84 na gani, na ga kan matar, raina ya kwanta na biya. Da daddare na sa shi ƙarƙashin fitila na sa gilashi a ido, sai na ga fuskar hagu take kallo. Hatimin da aka daina bugawa a 1908 ga shi a kan abin da ke cewa shi na 1915 ne, kuma ba a ce sunan daga baya aka zana ba, domin a jikin ƙirar yake. Abin ya yi mini ciwo, na kwana ina juya shi a hannu. Har yau yana cikin akwatina a keɓe, da shi nake nuna wa masu koyo.

Ka fahimci ƙa'idar da kyau. Shekarar da aka zana da hannu tana iya zuwa bayan hatimi, domin ana iya ƙera abu ya zauna a kanti kafin a ba wani. Kuma shekarar kafa ƙungiya tana iya girmar hatimi nesa ba kusa ba, kamar bajon cika shekara 100 da ke ɗauke da 1802 da 1902. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ƙungiya ko sunan birni da bai wanzu ba tukuna ya bayyana a ƙirar da ke da tsohon hatimi. Bajon Kwamitin Tatiana da fuska mai kallon hagu jabu ne kai tsaye.

Bayan na hukuma sai hatimin maƙeri, yawanci haruffa biyu ko cikakken suna. Эдуардъ, wato Eduard, kamfani ne a San Fitasbag da ya yi wa masarauta lambobin yabo. АК na Albert Keibel ne, ДО na Dmitri Osipov, АТ kuma na Alfred Thielemann, wanda ya yi wa Fabergé, shahararren gidan ƙera kayan ado, aiki kuma ya shahara a ƙananan bajoji. Haruffa biyu kaɗai ba hujja ba ne, domin maƙera da dama sun yi tarayya a haruffa ɗaya. Dole birnin maƙerin da shekarun aikinsa su dace da tambarin gwaji. Sunan Fabergé kuwa, da ka gan shi ka ninka shakkarka, don babu sunan da aka fi buga wa hatimin ƙarya kamarsa.

Yanzu ka dubi yadda hatimin ya zauna. Na gaske bugawa aka yi da ƙarfe, don haka bakinsa na da kaifi, ƙarfen da ke gefensa ya ɗan tasa, wani lokaci har alamar bugun ta fito ta ɗaya fuskar. Idan an kwafi bajo ta hanyar zubi, hatimin yakan fito a dusashe kamar sabulun da ya sha ruwa, cikinsa da ƙuraje-ƙuraje. Ka duba zobe da noti su ma, a kan na asali sau da yawa akwai ɗan ƙaramin hatimi a kowane sashe.

Rashin hatimi ba ya kashe bajo. Na tagulla da na farin ƙarfe ba a kai su gwaji, kuma a shekarun yaƙi da zinari da azurfa suka yi wuya an yi su birjik.

Mataki na 5: Ƙarfe da gilashi

Ka fara da maganaɗisu. Zinari da azurfa da tagulla ba sa kama shi. Idan abin da aka ce azurfa ne ya manne, magana ta ƙare. Amma rashin mannewa bai tabbatar da komai ba.

Ka auna nauyi da tsawo da faɗi ka rubuta. Kwafin zubi yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, saboda ƙarfe na tsukewa idan ya huce. Ka bi gefen bajon da gilashi kana neman layin da ya rage inda bakin mazubi biyu suka haɗu, ko alamar zarto inda aka goge shi.

Launin da ke kan bajo na asali gilashi ne da aka narka a wuta. Yana da sanyi idan ka taɓa shi da leɓe, yana da tauri, kuma idan ya lalace fashewa yake ko ya ɓantare kamar kwalba. A masu kyau za ka hango zanen layuka a jikin ƙarfen ta cikin gilashin, suna motsi da haske idan ka karkata bajon. Na jabu da na gyara roba ce mai daskarewa: tana da ɗumi, tana karcewa, kuma sau da yawa takan yi wani haske daban idan ka haska ta da tocilar gane kuɗi a cikin duhu. Idan babu tocilar, ka karkata bajon a hasken taga, wurin da aka cike yakan fi sauran dushewa ko ya ɗan lotsa.

Kada ka yarda a ɗiga masa ruwan gwajin zinari, kada kuma a goga shi a dutse kamar yadda ake yi wa sarƙa a kasuwa. Tabon ba ya fita, kuma darajar bajo ba a nauyin ƙarfensa take ba.

Ka dubi tsufan ma. Abin da aka sa a jiki shekaru yakan side a wuraren da suka taso: saman kambi, fikafikan mikiya, cikin zoben da sarƙa ke gogawa. Baƙin da ke cikin lunguna yana da zurfi. Idan baƙin ya bi ko'ina daidai wa daida, ko ya goge a tsumma, shafa shi aka yi.

Noti da ba na asali ba abu ne da aka saba gani, domin yana ɓata a sauya. Yana rage kuɗi kaɗan, bai mai da bajo jabu ba. Kusar da aka sake liƙawa da dalma kuwa gyara ne, ka nemi ragi.

Mataki na 6: Ka gwada da abin da aka riga aka sani

Sai yanzu za ka buɗe littafi. Masu wannan harka sun fi dogara da kundin bajojin ƙirji na Patrikeev da Boinovich, a fannin hatimai kuma da aikin Postnikova-Loseva. Da Rashanci suke, amma hotuna da lambobi za su yi maka jagora. Idan ba ka same su ba, ka shiga tsofaffin kundayen gidajen gwanjon lambobin yabo a intanet, inda ake sa hoton gaba da baya da nauyi. Ka kwafi kalmomin da ke kan bajonka da haruffan Rashanci ka nema da su, sakamakon ya fi na neman da Turanci nesa.

Ka jera hoton naka da aƙalla guda uku da aka tabbatar. Ka ƙirga gashin fikafikai, ka dubi siffar kambi da tazarar haruffa. Kada ka dogara da hoto ɗaya, don shi ma yana iya zama jabu.

Akwai wani rukuni a tsakiya. Rashawan da suka yi hijira bayan 1917, musamman zuwa Faris, sun sa an sake ƙera musu bajojin da suka rasa. Tsofaffi ne, suna da masu nemansu, amma ba na zamanin sarauta ba ne, kuma ba a biya musu kuɗin wancan.

Mataki na 7: Saye

Dokar Rasha ta tsaurara a kan fitar da kayan tarihi, musamman abin da ya haura shekara 100, kuma duk bajojin nan sun haura. Kada ka saya a can ka sa a jaka, kada kuma ka roƙi ɗalibi ko ɗan kasuwa ya taho maka da shi, za ka jefa bawan Allah cikin matsala a filin jirgi. Ka nema a ƙasashen da kayan suka daɗe da fita: Finlan da Folan da ƙasashen Baltik waɗanda dā suna ƙarƙashin daular, da Jamus da Faransa.

Kafin ka biya, ka nemi hoton baya da na hatimi a kusa, da nauyi, da alƙawarin karɓar kaya idan ya zama ba na asali ba. Mai sayarwar da ya ƙi nuna maka baya, ka bar masa kayansa. Labarin "na kakana ne" ba ya cikin shaidu. Abin da ke ƙara daraja da gaske shi ne takardar shaidar da ƙungiya ta ba mai bajon, ko akwatinsa na asali, ko tsohon hoton mutumin sanye da shi.

Mataki na 8: Wanki, ajiya da rubutu

Mafi yawan bajojin da na ga sun lalace, a hannun masu son su suka lalace. Man goge azurfa da toka da man goge baki duk suna cinye ruwan zinari, suna kuma share baƙin tsufan da ke shaidar shekaru. Buroshi mai laushi a bushe ya isa ƙura. Idan datti ya kama, ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulu, ka tsane nan take. Gilashin da ya tsage kada ruwa ya taɓa shi sam, na takarda da na ƙyalle ma haka.

Yanayinmu na da nasa sharri. Ƙurar hunturu tana karce gilashi idan ka goge ta da ƙarfi, danshin damina kuma yana sa tagulla ta yi kore. Ka sa kowane bajo a gurbinsa don kada su gogi juna, a akwati mai murfi, tare da 'yan ƙunshin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ka nisanta su da robar ɗaure kuɗi da ulu, suna baƙanta azurfa. Ledar nan mai laushi mai warin roba ita ma tana barin kore mai danƙo a jikin ƙarfe, ambulan na takarda ya fi ta.

A littafinka, kowane bajo ya samu shafinsa: lamba, nauyi, girma, rubutun da ke kansa harafi da harafi yadda yake, hatimai da inda suke, inda ka saya da nawa, da duk shakkar da ta rage maka. Idan akwai sunan mutum a baya, ka kwafe shi da tsohon rubutunsa. Ƙungiyoyin nan sun riƙa buga rahoton shekara da jerin mambobi da masu ba da gudummawa, kuma ɗakunan karatu na Rasha sun ɗora da yawa daga cikinsu a intanet, tare da kundayen adireshin mazauna San Fitasbag da Mosko na kowace shekara. Ka nemi sunan da sabon rubutu da tsohon duka, ka fara da rahoton shekarar da ke kan bajon, in ba ka samu ba ka duba ta gabanta da ta bayanta.